Gidan Kujera da Gidan Gado: Tarihin Sayar da Gidajen Gwamnatin Tarayya



An nemi in yi magana ne a kan sayar da filaye da gine-ginen gwamnati waɗanda aka ce sun zama rara, watau ba a bukatarsu. Zan tsaya a kan abin da ya faru a Legas da Abuja tsakanin 1991 da 2011. Amma tilas mu ɗauko zancen daga nesa, domin ba za a gane dalilin sayar da waɗannan gidaje ba sai an san dalilin gina su tun farko.

A ƙasar Hausa, tun kafin zuwan Turawa, an bambanta gidan gado da gidan sarauta. Akwai gandaye da gidaje waɗanda rawani suke bi. Wanda aka naɗa ya shiga ya ci amfaninsu, ran da aka tuɓe shi ko ya rasu kuwa sai su koma hannun wanda ya hau kujerar, ba sa shiga rabon gado. Da Turawa suka ci ƙasar, tsarin da suka kafa bai yi nisa da wannan fahimta ba. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa. Sa'an nan dokar garuruwa ta zamanin Gwamna Lugga, a 1917, ta ƙarfafa keɓe wa Turawa unguwa tasu, aka bar fili na yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakaninsu da mutanen gari. Hujjar da aka bayar ita ce gudun sauro da zazzaɓi. Ko sauro ya san awon yadi, wannan sai likitoci. Waɗannan unguwanni su ne daga baya aka riƙa kira G.R.A., irin su Nassarawa a Kano da Ikoyi a Legas.

Abin lura a nan shi ne, Baturen mulki baƙo ne. Yau yana Zariya, baɗi an kai shi Yola, in ya gama aiki ya koma Ingila. Saboda haka gidan da Ma'aikatar Ayyuka ta gina wa Razdan ko Di'o ko likita na kujerar ne, kowa aka turo ya shiga. Bayan samun mulkin kai a 1960, 'yan ƙasa suka gaji kujerun tare da gidajen, har da gadaje da kujerun zama, ana cire ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga albashi a matsayin haya. Da kuɗin man fetur ya zo a shekarun 1970 sai ginin ya bunƙasa. A lokacin ne aka gina Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi da rukunin gidajen nan da ake kira 1004. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamnanta, ta bar wa Gwamnatin Tarayya filayen da ke hannunta.

Rarar farko ta samu ne saboda ƙaura. Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu, 1976, aka kuma tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Ma'aikatu suka kwashe kayansu ɗaya bayan ɗaya, suka bar manyan benaye a Legas ba mai kula da su. Wannan rara ce ta gaskiya. A Abuja kuwa, da yake sabon gari ne wanda ba shi da masu gidajen haya, dole gwamnati ta gina dubban gidaje a Garki, Wuse, Maitama, Asokoro, Karu, Nyanya da Kubwa domin ma'aikatan da ta kwaso.

Rara ta biyu kuwa da alƙalami aka yi ta. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta yanke shawarar mai da alfarmomin ma'aikata kuɗi: maimakon gida da mota da direba da kuku, a ba mutum alawus ya ji da kansa. Daga ranar, gidajen da ke cike da iyalai suka zama rara a takarda. Ba za a ce dalilan gwamnati na banza ne ba. Kuɗin gyara yana cinye kasafi, kwangilar gyaran kuma ta zama hanyar ci. Wasu su yi ritaya su ƙi fita, wasu su sa 'yan haya a ɗakunan baya. Mafi ban tausayi shi ne ma'aikacin da ya shekara 35 a gidan gwamnati, ya wayi gari ba shi da ko ɗaki ɗaya nasa.

An fara sayar da gidajen Abuja a 2005, Malam Nasiru el-Rufa'i yana Ministan birnin. Ma'aikacin da ke zaune a gida shi aka fara yi wa tayi, ya biya wani kaso a fara, ya cika sauran cikin wa'adi. Lalle mutane da yawa sun mallaki gidansu na farko ta wannan hanya, kada a manta da haka. Amma albashin ƙaramin ma'aikaci bai kai ba, ruwan bashin banki kuma ya yi tsada. Sai masu kuɗi suka shigo ta bayan gida: su biya da sunan ma'aikacin, su ba shi ɗan abin sallama, ya kwashe iyalinsa ya koma bayan gari.

A Legas abin ya fi muni. A watan Afrilu na 2005 Shugaban Ƙasa ya soke cinikin gidaje fiye da 200 a Ikoyi, ya kuma sallami Ministar Gidaje, Mobolaji Osomo, bayan ta bayyana cewa an raba su ne a ɓoye ga manyan jami'ai da makusantansu, ciki har da dangin matarsa. A ƙarshen wannan shekara aka fitar da mazaunan 1004 da ƙarfin hukuma domin a miƙa wa kamfanin da ya saya. Sakatariyar Ikoyi kuwa an ba da ita ga wani kamfani a 2006 domin ya mai da ita gidajen kwana, amma Gwamnatin Jihar Legas ta tsai da aikin. Tana da madogara, domin tun a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari da ba da izinin gini a cikin jiha hurumin jihar ne, ko da filin na Tarayya ne. Aka shiga shari'a, ginin ya yi shekara da shekaru a kango, ba mai saye ya amfana ba, ba mai sayarwa ba.

A ganina, inda aka fi kauce wa hanya shi ne Apo. Unguwar 'yan majalisa an gina ta ne domin duk wanda jama'a suka zaɓa ya sami masauki a wuri ɗaya mai tsaro. Aka sayar wa waɗanda suka yi sa'ar kasancewa a kan kujera a lokacin, waɗanda suka biyo bayansu kuma aka shiga ba su kuɗin haya daga baitulmali. A 2008 kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Abubakar Sodangi ya binciki cinikin gidaje da rabon filayen Abuja, aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu. Duk da haka, zuwa 2011 har gidajen Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai an sayar wa masu riƙe da muƙaman, sa'an nan aka koma ware kuɗi a kasafi domin gina wa magadansu sababbi. Gidan da za a sake ginawa gobe, ta yaya ya zama rara yau? Ga shi kuma mai sa hannu a ciniki da mai saye 'yan ɗaki ɗaya ne. Da a ce wani Galadima ne a dā ya sayar wa kansa gandun sarauta, da fada ba ta bar shi ya kwana da rawani ba.

Jihohi da dama sun bi sahu. Wanda ya san G.R.A. ta Kaduna ko ta Kano a dā, zai ga yadda aka yanka manyan filayen, aka sare maɗaci da dalbejiya, aka tsuga gidaje huɗu ko shida inda ɗaya yake.

Ɗalibai da ke wannan zaure, ku ne wannan tarihi ya fi shafa. Cinikin sau ɗaya aka yi shi, kuma rukuni ɗaya na ma'aikata ya ci moriyarsa. Wanda aka ɗauka aiki bayan 2007 aka tura shi Abuja, alawus zai tarar a takardar albashinsa, kuma wannan alawus ba zai kama masa gida a Garki ko Wuse ba. Galibi sai ya nemi ɗaki a Mararaba cikin Jihar Nasarawa, ko a Suleja cikin Jihar Neja, ya fito tun bayan sallar asuba domin ya riski ofis da ƙarfe takwas.