Kayan addini na zamanin Nasara a ƙasar Arewa: ina kuɗin adana su?

Sojan Voulet da Chanoine sun faɗa wa Lugu, garin Sarauniya, a watan Afrilu na 1899, amma mulkin Faransa bai zauna a Dallol Mawri ba sai bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906, waɗanda suka daidaita iyaka tsakanin Faransa da Ingila. Daga nan zuwa 1960 ƙasar Arewa, tun daga Matankari har Dumega, ta samar da kayan addini iri uku: na bori, na malamai, da na Katolika da suka kafa mishan a Dogon Dutsi a 1947.

Mafi ban sha'awa su ne kayan Babule. Waɗannan iskoki sun ɓullo a Kurfai wajen 1925, inda aka san su da sunan Hauka, kana suka bazu cikin Arewa. Suna kwaikwayon sojan Nasara a tafiya da magana da sutura, har akwai mai suna Komanda Mugu. Tufafinsu shaida ce ta yadda talaka ya kalli mai mulkinsa, shaidar da ba a samu cikin rahoton kowane komanda.

To, ina aka sa kuɗin adanawa? Tun farko an fi mai da hankali ga Yamai. Can aka buɗe gidan kayan tarihi na ƙasa a 1959, can kuma aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda ta zama CELHTO. Dokar kare kayan gado mai lamba 97-022 ta zo a 1997. A 2006 Nijar ta sa Lugu da fadar Zarmakoy ta Doso cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su, Agadas kuwa ta samu shiga jerin duniya a 2013. Sai dai shiga jerin jiran gado ba ta kawo kuɗi da kanta.

Akwai kuma matsalar ma'ana. Tsarin da muka gada daga Faransa ya fi sanin gini da mutum-mutumi, abin da za a auna a yi masa kasafi. Kayan Arewa kuwa zane ne da fata da ƙwarya da takardar ajami, abincin gara. Darajarsu tana cikin sunansu da kirarinsu da sanin wanda ya gaje su. Rigar bori da aka raba da kirarinta ta zama tsumma, ko da an sa ta cikin gilashi. Ga shi kuma masu bori suna raguwa, kamar yadda binciken Adeline Masquelier na 2001 a Dogon Dutsi ya nuna.

Saboda haka muna ganin aikin farko, mafi araha, shi ne ƙidaya da Hausa: sunan kowane abu da lafazin Arewa, mai ƙera shi, amfaninsa, da maganar da ke tare da shi. Malaman yaƙi da jahilci na Dumega da Tibiri sun san gidajen, an kuma yarda da su. Takarda da rakoda da ɗan alawus sun ishe su farawa. Ribar biyu ce: ɗalibai su samu abin karatu daga tarihinsu, hukuma ta samu jerin da za ta nemi kuɗi da shi, domin ba a ware kuɗi ga abin da ba a rubuta ba.