Yadda Haraji Da Kuɗin Fito Ke Shafar Yaɗuwar Wutar Sola A Najeriya

Wutar sola ta bambanta da ta janareta ta fuskar lokacin da ake kashe kuɗi. Mai janareta yana sayen inji da sauƙi, sannan ya ci gaba da biyan kuɗin mai kullum. Mai sola kuwa yana biyan kusan dukkan kuɗin ne a ranar farko. Saboda haka duk harajin da aka ɗora wa kayan sola a tashar jiragen ruwa yana faɗawa ne a daidai wurin da mai saye ya fi rauni.

Najeriya tana bin jadawalin kuɗin fito na bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar: sifili, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. Allunan sola suna matakin sifili, batura kuwa suna matakin kashi 20. Wannan bambanci yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Manomin rani da ke ban ruwa da famfon sola yana aiki ne da rana, ba ya buƙatar batir, don haka ya ci moriyar rangwamen gaba ɗaya. Amma magidanci mai son haske da dare ba shi da makawa sai da batir, wanda yakan fi komai tsada a cikin kayan, kuma sai an riƙa sauya shi bayan wasu shekaru.

Ko matakin sifilin ma bai tsira daga taƙaddama ba. A 2018 Hukumar Kwastam ta mayar da wasu allunan sola rukunin injinan samar da lantarki, inda ake biyan kashi 5, abin da masu shigo da kayan suka yi ta kuka a kai. Sauya lambar rukuni kaɗai ya isa ya sauya farashi, ba tare da an taɓa doka ba. Haka nan canjin kuɗi: ana lissafa kuɗin fito ne bisa darajar kaya da dala, saboda haka tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, abin da ake biya ya ninka ko da kason bai motsa ba.

A ɓangaren sauƙaƙawa, an ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, daga baya kuma gwamnati ta sanya kayan makamashi mai sabuntuwa cikin waɗanda aka yafe wa shi. A da akwai kuma hutun haraji na shekara uku, da ake iya tsawaitawa zuwa biyar, wanda Hukumar Bunƙasa Zuba Jari ta daɗe tana bai wa sababbin masana'antu. Sai dai hutun harajin riba ba ya amfanar wanda bai fara cin riba ba, kuma kamfanonin da ke kafa ƙananan tashoshin sola a ƙauyuka sukan ɗauki shekaru kafin su kai nan. Dokar haraji ta 2025 ta maye gurbin tsarin da rangwame bisa jarin da kamfani ya zuba.

Babbar muhawarar ita ce ta kare masana'antun gida. A watan Maris na 2025, ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Uche Nnaji, ya bayyana shirin hana shigo da allunan sola domin ƙarfafa masu haɗa su a cikin ƙasa, ciki har da masana'antar hukumar NASENI da ke Karshi a Abuja. Hujjar tana da tushe, domin ƙasar Sin ce ke riƙe da fiye da kashi 80 na sarrafa kayan sola a duniya. Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya: Amurka ta ɗora kashi 30 a 2018, Indiya kuma ta ɗora kashi 40 a kan alluna da 25 a kan ƙwayoyin da ake haɗa su daga Afrilun 2022. Amma Indiya ta haɗa harajin da tallafin kuɗi ga masana'antunta, kuma tana da kasuwar da za ta ɗauki kayansu. Kenya ta ɗora VAT a kan kayan sola a 2020, ta janye shi a 2021.

A Najeriya masu haɗa alluna suna shigo da ƙwayoyin ne daga waje, har da mafi yawan sauran kayan haɗi. Muddin allo kammalalle yana shigowa ba fito, alhali gilashi ko ƙarfen da za a haɗa shi a gida yana biya, to jadawalin da kansa ya karya mai masana'anta. Gyara wannan ya fi hana shigowa sauƙi, kuma ba ya ɗora nauyin a kan mai shagon da ya koma sola tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.