Gado ko Reno? Nazari kan Fifikon 'Yan Kalenjin a Gudun Fanfalaki

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi binciken da aka gudanar kan 'yan tseren Kenya da Habasha, domin auna iƙirarin cewa a jini suka gaji gudu. Ta gano cewa gado na da nasa kaso a jikin kowane ɗan wasa, amma hujjojin ba su nuna wata ƙwayar gado da ta keɓanta da ƙabila guda ba.

Gabatarwa

Tun da Kipchoge Keino ya lashe zinare a tseren mita 1,500 a Olamfik na 1968 a Meksiko, idon duniya ya koma kan ƙabilarsa ta Kalenjin. Kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai na mutanen Kenya, amma binciken Onywera da abokan aikinsa na 2006 ya nuna su ne kashi 76 na 'yan tseren ƙasar da ke fita gasar duniya. Ganin haka, mutane da dama suka yanke hukunci cewa abin a jini yake.

Tattaunawa

Ba a musun tasirin gado. Eero Mäntyranta, gwanin tseren ƙanƙara na Finlan, ya gaji wani sauyi a ƙwayar EPOR da ya sa jajayen ƙwayoyin jininsa suka yawaita fiye da kima. Sai dai wannan lamarin dangi ɗaya ne. Ƙwayar da aka fi sa wa rai ita ce ACTN3, wadda wani binciken Ostiraliya na 2003 ya danganta da ƙarfin tsoka a gajeren tsere. Da Yang da abokan aikinsa suka gwada ta a 2007 kan 'yan wasan Kenya, Habasha da Najeriya, ba su ga wani bambancin kirki tsakanin zakaru da sauran jama'arsu ba.

Akwai kuma abin da masu wannan iƙirari ke tsallakewa. Sunan Kalenjin kansa bai yaɗu ba sai a shekarun 1940 zuwa 1950, lokacin da Nandi, Kipsigis, Keiyo, Marakwet, Tugen da maƙwabtansu suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya. Harshe da siyasa ne suka shata wannan iyaka, don haka ɗaukar ta a matsayin iyakar jini kuskure ne a tsarin bincike.

A duba garin Iten na yankin Kalenjin, mai tsayin kusan mita 2,400 daga matakin teku, inda iska ke da ƙarancin iskar shaƙa. Tun da asuba matasa ke fitowa ayari-ayari kan jar hanyar ƙasa, su dawo su sha shayi da madara, da dare su ci ugali, tuwonsu na masara. Da yawansu da ƙafa suka riƙa zuwa makaranta tun suna yara, wasu a guje. A makarantar St Patrick's ta garin, Colm O'Connell, malamin mishan daga Ailan da ya iso a 1976, ya reni zakaru irin su David Rudisha, wanda ma Bamasaye ne, ba ɗan Kalenjin ba. Ga yaron ƙauye, gudu hanya ce ta sayen gona da gina wa iyaye gida. Wanda ya ce wannan duka baiwar jini ce, ya tauye wa mutane haƙƙin guminsu, kuma hakan ba ƙaramin rashin adalci ba ne.

Garin Bekoji na Habasha ya ƙara raunana iƙirarin. Daga can Derartu Tulu, Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka fito. Oromo ne, harshensu na rukunin Kush, na Kalenjin kuwa na rukunin Nilu. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne tsauni, horo tun ƙuruciya, da ɗan gari da ya riga ya ci gasa kowa ya gani.