Daga Kwal zuwa Iskar Gas: Abin da Tarihin Kano Ya Koyar Game da Sauya Makamashi

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, maganar iskar gas ta CNG da motoci masu amfani da lantarki ta bar bakin masana ta shiga tasha. Cikin 'yan kwanaki, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya kuma gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci masu shan gas. Sai dai Kano ba baƙuwar irin wannan sauyi ba ce. Sau da dama ta canza abin da ke tafiyar da sufurinta, kuma a kowane karo sai da makamashin ya samu hanyar isowa da babban mai saye, kafin abin hawan ya kama ƙasa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya karɓe dogon zango daga hannun raƙuma da jakunan fatake. Abin da ya raya shi biyu ne: gyaɗar da attajirai irin su Alhassan Ɗantata suke tarawa, da kwal ɗin da aka gano a Udi, kusa da Inugu, a 1909. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, kwal ya riƙa hawowa Arewa kai tsaye a kan dogo. Daga tsakiyar shekarun 1950 kuwa, hukumar jiragen ƙasa ta fara sayo kawunan jirgi masu shan dizal, kasuwar kwal ta soma mutuwa. Ba ƙyamar hayaƙi ce ta kawo hakan ba. Dizal ya fi sauƙin ɗauka, injinsa kuma bai buƙatar a yi ta shayar da shi ruwa a hanya.

Zamanin mai ne ya gina unguwannin masana'antu. Bompai, wadda ke ƙaramar hukumar Nassarawa a yau, ita ce ta fari, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya da masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na abinci. Kano har ababen hawa ta ƙera: kekunan Raleigh, da manyan motocin Fiat da aka riƙa harhaɗawa a kan hanyar Zariya. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda ta riƙa aiko da fetur da dizal zuwa ma'ajiyar Hotoro, tana kuma samar da baƙin man da masaƙu ke hura tukwanensu da shi. Ma'ana, masana'anta da motar haya nono ɗaya suke sha.

Shi ya sa suka yi rashin lafiya tare. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, matatar ta riƙa aiki tana tsayawa, wutar lantarki ta zama sai an gani. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage suka koma kan janareto. Da yawa daga ma'aikatan da aka sallama sun hau babur sun zama 'yan acaɓa, hayaƙin da ya ragu a Sharaɗa sai ya koma kan tituna.

Sauyi na gaba ma ba don muhalli aka yi shi ba. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da babura masu ƙafa uku a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, domin raba mata da hawan acaɓa. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa, sai masu ƙafa ukun suka mamaye gari. Sun karɓu nan take domin fetur yana ko'ina, makanikai kuma sun iya gyaransu.

A nan ne gas ke da sauran aiki. Bai kai dizal fitar da baƙin hayaƙi ba, ya kuma fi fetur araha, amma rijiyoyinsa suna Kudu. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, ya wuce wa'adin da aka fara ɗiba masa. Idan babu bututu, sai dai a ɗauko gas a tankoki daga nesa, kuɗin dakon kuma ya cinye wani ɓangare na arahar. Bututu kuwa ba ya mayar da kuɗinsa da cinikin 'yan A Daidaita Sahu kaɗai. Yana buƙatar masu saye da yawa dare da rana, wato tashoshin lantarki da masana'antu. Haka abin yake ga mota mai batir: tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Challawa a Janairun 2023 somin-taɓi ce kawai, idan aka dubi buƙatar birni kamar Kano.

Saboda haka, mai son sanin makomar sufuri mai tsafta a Kano kada ya tsaya ƙirga motocin da aka raba a wurin biki. Ya dubi ko gas ya shiga tukwanen Bompai da Sharaɗa da Challawa, ko gidajen sayar da shi sun wadata, ko kuma makanikan Ƙofar Ruwa sun iya ɗaura tukunyar gas ba tare da jefa fasinja cikin haɗari ba. Direban da ya ci bashi ya sauya injinsa, ya wayi gari babu inda zai sha gas, ba zai sake yarda ba, kuma duk tasha za ta ji labarinsa.