Inda Ya Kamata A Ɗaura Ƙarin Kular Man Giya A Motar Dakon Amfanin Gona

Kular man giya wani ɗan ƙaramin lagireto ne da ake ƙara wa mota mai giyar otomatik domin ya rage zafin man giya. Ƙungiyoyin manoma da yawa suna dako da motoci irin su Sienna ko Hilux mai otomatik, a loda musu buhunan masara ko taki, a bi hanyar yashi da gargada a hankali. Irin wannan aiki yana dafa man giya, balle a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a su Sakkwato da Maiduguri. Mota mai giyar hannu galibi ba ta buƙatar wannan kula.

Me ya sa ake ƙara ta

Man giya yana aiki lafiya a zafin digiri 80 zuwa 95. Idan ya haura 120 ya daɗe a haka, sai ya fara ƙonewa, ya yi baƙi, robobin ciki su ƙandare, giya ta fara zamewa. A yawancin motoci kamfani ya sa wani bututu cikin tankin lagireto wanda man ke ratsawa ya huce, sai dai ba ya isa idan lodi ya yi yawa kuma tafiya ta yi sanyi. Motar da giyarta ta mutu a tsakiyar kaka ba kuɗin gyara kaɗai take ci ba, har da kayan da ke jiran kasuwa. Amma kula ba ta da amfani sai an ɗaura ta inda za ta sha iska mai sanyi.

Wuraren da ake ɗaura ta

Idan ka buɗe gaban mota, daga waje zuwa ciki za ka tarar da raga, sai kondansar AC, sai lagireto, sai fanka. Ga yadda wuraren suke:

1. Gaban kondansa, bayan raga. Nan ne ya fi ko'ina, domin iskar waje ita take fara bugawa. A daidaita kular da wurin da fanka ke zuƙo iska. Wannan yana da muhimmanci ga motar gona, saboda idan ana rarrafe cikin yashi ko taɓo, iskar fanka ce kawai ke aiki. Kada a ɓoye ta bayan ƙarfen bamba ko bayan lambar mota.

2. Tsakanin kondansa da lagireto. Tana samun kariya daga tsakuwa, amma iskar ta riga ta ɗauki zafin AC. Kuma ƙaiƙayi yana taruwa a wannan lungu inda hannu ba ya kaiwa. Sai idan gaba babu wuri.

3. Bayan lagireto. A guje shi. Iskar da ta ratsa lagireto ta riga ta yi zafi, sanyin da za ta bayar kaɗan ne.

4. Ƙarƙashin mota ko gefen taya. Dole sai an haɗa mata fanka tata. A hanyar ƙauye kuwa dutse, kututture da taɓo za su same ta. Idan ta huje, man zai tsiyaye cikin ɗan lokaci direba bai sani ba, giya ta ƙone.

Kada a sayi wadda za ta rufe fuskar lagireto gaba ɗaya, don kada a gyara giya a jawo wa inji zafi.

Yadda ake kafa ta

Wasu kuloli suna zuwa da igiyoyin roba da ake zurawa ta cikin kondansa a ɗaure. A hanya mai gargada jijjiga tana sa su goge bututun kondansa har gas ya zube. Gara mai walda ya yi mata ƙarafan riƙo, a ɗaure da noti a jikin ƙarfen mota, a sa roba a tsakani, a bar ɗan sarari kamar kaurin yatsa tsakaninta da kondansa. Bakunan kular su dubi sama ko gefe. Idan gefe ne, mai ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, don kada iska ta maƙale a ciki.

Haɗa tiyo

Kada a cire hanyar lagireto. Man ya fito daga giya, ya ratsa lagireto, ya shiga sabuwar kula, sannan ya koma giya. Don gane bututun komawa, a tayar da mota tana da sanyi, mutum ɗaya ya taka birki ya sa giya a D na ɗan lokaci, sannan a kashe inji a taɓa bututun biyu. Wanda ya fi ɗumi shi ne na fitowa, ɗayan kuma na komawa, a kansa za a haɗa kula. A yi amfani da tiyon da aka yi don man giya, ba na fetur ba, kuma a nisanta shi daga salansa, fanka da duk wani ƙarfe mai kaifi.

Bayan an gama

Kula da tiyo za su sha wani ɓangare na man, don haka a ƙara irin wanda kamfanin motar ya ce. A yawancin motoci ana duba awo ne inji yana aiki, ya yi ɗumi, giya tana P. A duba ɗiga a duk mahaɗa ranar farko da kuma bayan mako guda. Lokacin sussuka da hunturu, direba ya riƙa hure ƙura da ƙaiƙayi daga jikin kular duk mako, ko ya wanke da ruwa marar ƙarfi. Sannan shugabannin ƙungiya su lura, kula ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Idan lodi ya wuce ƙima, a raba shi sawu biyu.