Lemi Ghariokwu: Mai Zanen Bangon Faya-fayan Fela

Lemi Ghariokwu mai zane ne ɗan Najeriya, haifaffen Legas a shekarar 1955, wanda ya zana bangon faya-fayai 26 na mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti. Da kansa ya koyi zane, ba a makaranta ba. Ya fara aiki da Fela a 1974 da bangon faifan Alagbon Close, wanda aka raɗa wa sunan ofishin 'yan sandan da aka tsare mawaƙin a Legas.

Salonsa shi ne cika bango da launuka masu ƙarfi, zanen barkwanci da rubutun hannu, ta yadda mai saye zai gane saƙon tun kafin ya saurari waƙar. A bangon Zombie, faifan da ya yi wa sojoji shaguɓe, ya jera hoton Fela da nasu. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka ƙone gidan Fela da ake kira Kalakuta.

A bangon Beasts of No Nation na 1989 kuwa, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke ci a Afirka ta Kudu, ya zana shugabanta P.W. Botha tare da Margaret Thatcher da Ronald Reagan a siffar masu shan jini.