Kuɗin Kiran Gaggawa a Amurka: Tarihin Harajin 911 da Rigimar Ma'anarsa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu bi diddigin kuɗin da ake karɓa daga masu talho a Amurka domin tafiyar da cibiyoyin kiran gaggawa. Abin da muke son nunawa shi ne, gardamar da ta dabaibaye waɗannan kuɗi gardama ce ta ma'ana: mene ne "aikin 911", daga ina ya fara, a ina kuma ya tsaya?

2. Asalin lambar da kuɗinta

Birnin Landan ne ya fara keɓe lamba guda, wato 999, a shekarar 1937. Amurka ta bi sahu a 1968, lokacin da kamfanin AT&T ya zaɓi 911, aka kuma yi kiran farko ranar 16 ga Fabrairu a garin Haleyville na jihar Alabama. Sai a 1999 doka ta mai da ita lambar ƙasa baki ɗaya.

Amma cibiyoyin da ke amsa kiran, waɗanda yawansu ya haura 5000, galibi na birane ne da gundumomi. Don haka jihohi suka ɗora wani ɗan kuɗi a kan takardar biyan talho ta kowane wata. Kamfani ya karɓa, ya miƙa wa hukuma. A bisa ƙa'ida wannan kuɗin hidima ne, abin da Faransanci ke kira redevance, ba impôt ba, wato harajin da ke shiga baitulmali a yi kowane aiki da shi.

3. Karkatar da kuɗin

Jihar New York misali ce mai kyau. Ta fara karɓar santi 70 a wata daga masu salula a 1991, ta mai da shi dala 1.20 a 2002, amma wani kaso mai yawa ya tafi ga wasu buƙatu. A Janairun 2003 matasa huɗu suka nutse a teku kusa da City Island bayan sun kira 911 da salula daga cikin kwale-kwale. A lokacin cibiyar ba ta da na'urar gano wurin da mai salula yake, alhali an yi shekaru fiye da goma ana biya.

Majalisar tarayya ta yi doka a 2004 wadda ta hana tallafi ga jihar da ta karkatar da kuɗin. A 2008 ta umarci FCC, hukumar kula da sadarwa, ta riƙa kawo rahoto kowace shekara. Rahoton da ya shafi 2017 ya nuna an karkatar da kimanin dala miliyan 285, kusan kashi 10 cikin 100 na abin da aka tara. Sunayen New York da New Jersey da Rhode Island sun yi ta maimaituwa a rahotannin waɗannan shekaru.

4. Iyakar kalma

Hujjar jihohin ita ce duk abin da ya shafi tsaron jama'a aikin gaggawa ne. A ƙarshen 2020 majalisa ta buƙaci FCC ta fayyace, ita kuwa ta yi haka a 2021. Albashin masu amsa kira da horar da su, ginin cibiya, da na'urorin karɓar kira da na tura agaji, duk sun halatta. Zuba kuɗin a babban asusun jiha bai halatta ba, haka ma sayen kayan ƴan sanda ko na ƴan kwana-kwana da ba su taimaka wa cibiyar kai tsaye ba.

5. Kammalawa

Mun ga cewa an yi shekaru da dama ana karɓar kuɗi da sunan 911 kafin dokar tarayya ta faɗi abin da sunan ya ƙunsa. Muddin ba a shata iyakar kalma ba, mai riƙe da asusu shi ke yi mata fassara, mai kira cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi kuwa shi ke ɗaukar asarar.